Ɗana zai tafi aikin bishara ƙasar guguwar teku: yin shiri rashin bangaskiya ne?

"Salama a gare ku. Ni uwa ce, a Zuru nake zaune. Ɗana fasto ne, hukumar mishan ta ikilisiyarmu za ta tura shi Mozambik, wajen birnin Beira, da matarsa da yara biyu, babban shekara 4, ƙaramar shekara 1 da rabi. Na ji an ce guguwa daga teku takan share gari a can. Da na yi masa magana sai ya ce wanda ya kira shi zai kiyaye shi, yawan shiri rashin bangaskiya ne. Ba na so in zama sanadin tuntuɓe ga kiran Allah, amma barci ya ƙaurace mini. Me ya kamata su yi, ni kuma me zan yi daga nan?"

Mama, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke, sannu da ɗawainiya. Abu biyu kika tambaya a dunƙule: yadda iyali baƙi za su tsira a ƙasar da guguwar teku ke ziyarta, da kuma ko tanadi yana rage wa mai bishara bangaskiya. Labarin da kika ji gaskiya ne, damuwarki kuma tana kan hanya. Ɗanki ya yi daidai da ya ce Allah ne mai kiyayewa, amma ya kuskure da ya ɗauki shiri kishiyar dogara ga Allah.

Guguwar da ake magana

Iskar da muka sani a ƙasar Zuru ta farkon damina ce. Hadari ya taso daga gabas a Afrilu ko Mayu, ya yaye kwanon gidaje, ya karya rassan mangwaro, cikin rabin awa ya wuce. Guguwar teku ba haka take ba. Tana haɗuwa ne a kan teku idan ɗumin ruwan ya kai wajen digiri 26 zuwa 27, ta yi ta juyawa tana shan ƙarfi daga tururin ruwan, faɗinta ya kai ɗaruruwan kilomita. Idan gudun iskarta ya kai wajen kilomita 118 a awa sai a ce ta cika. Kan gari ɗaya tana iya kwana tana kaɗawa, ruwan da take zubarwa kuma ya yi kwanaki.

A wannan ɓangare na Tekun Indiya lokacinta daga tsakiyar Nuwamba ne zuwa ƙarshen Afrilu, ta fi tsanani daga Janairu zuwa Maris. Wato lokacin da ke nan kike fama da hunturu da ƙura, sannan zafin bazara, su a can suna tsakiyar damina.

Beira birni ne na bakin teku a lardin Sofala, a bakin kogin Pungwe, kogin Buzi kuma yana kusa. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce kamar fadama. A daren 14 ga Maris 2019 guguwar Idai ta sauka a nan, ta kashe mutane fiye da 1,000 a Mozambik da Zimbabuwe da Malawi. Ruwa ya yanke babbar hanyar da ta haɗa birnin da cikin ƙasa, wuta da waya suka ɗauke, a gundumar Buzi mutane suka yi kwanaki a kan bishiyoyi da rufin gidaje. Bayan mako shida guguwar Kenneth ta bugi arewacin Mozambik. A 2023 guguwar Freddy ta yi fiye da wata guda a raye, ta shiga Mozambik sau biyu, sannan ta haddasa zaftarewar ƙasa a Blantyre ta Malawi, garin da ko tekun ba ya gani.

Abin da za a riƙe daga wannan tarihi shi ne ruwa ya fi iska kisa. Na farko tumbatsar teku, wato iska ta turo ruwan teku cikin gari da tsayin mita biyu ko fiye, musamman idan ta dace da lokacin cikar teku. Na biyu ambaliyar koguna, wadda kan zo bayan kwana ɗaya ko biyu, mutane sun ɗauka an gama. Mutumin Yauri ko Argungu ya san wannan, ruwan da ya ci gonar shinkafa ba lallai a kanta ya sauka ba. Na uku cuta. Mako biyu bayan Idai kwalara ta ɓarke a Beira, dubbai suka kamu.

Maganar bangaskiya

Wannan ne ya fi muhimmanci, domin muddin ɗanki yana ganin tanadi zunubi ne, duk shawarar da ke ƙasa ba za ta shiga kunnensa ba. Kada ki yi masa gardama da tsoronki. Ki roƙe shi ku karanta Ayyukan Manzanni sura 27 tare, a hankali, tunda shi malami ne.

A wannan sura Bulus, babban ɗan mishan, yana cikin jirgin ruwa da mutum 276, guguwa ta yi dare goma sha huɗu tana wasa da su. Tun kafin a tashi Bulus ya ba da shawara kada a yi tafiyar, saboda lokacin haɗari ya shigo. Bai ce mu tafi Allah zai kiyaye ba, ya duba lokacin shekara ya yi gargaɗi. Daga baya mala'ika ya tabbatar masa ba wanda zai mutu. Duk da wannan alkawari a hannunsa, da ya ga matuƙan jirgin suna shirin sulalewa sai ya gaya wa jarumin soja in ba su zauna ba, ba mai tsira. Ya kuma matsa wa kowa ya ci abinci don ya sami ƙarfi. A ƙarshe masu iyo suka yi iyo, sauran suka kama katako. Alkawarin ya cika, amma ta hannun matuƙa da gurasa da guntayen jirgi ya cika.

Haka Nehemiya, da abokan gaba suka taso, ya yi addu'a ya kuma sa masu tsaro dare da rana. Yusufu ya tara hatsin shekara bakwai. Karin Magana 22:3 ta ce mai hankali yakan hango masifa ya ɓuya, marar wayo ya sa kai ya sha wuya. Shaiɗan ne ya ce wa Yesu ya diro daga kan Haikali tunda mala'iku za su tare shi, Ubangiji kuwa ya amsa cewa ba a gwada Allah. Mutumin da hukuma ta ce ya bar bakin teku ya ƙi, da jaririya a hannu, yana cewa bangaskiya, ya fi kusa da wannan tsalle fiye da Bulus.

Ba na ɓoye miki ɗaya gefen. Aikin bishara bai taɓa zama marar haɗari ba. Cikin mutum uku da suka fara aikin ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) a ƙasar nan a 1893, Walter Gowans da Thomas Kent ciwo ya kashe su cikin shekara guda, Rowland Bingham kaɗai ya koma. Ba a yi wa kowa alkawarin dawowa gida lafiya ba. Amma akwai bambanci tsakanin wahalar da bishara ta jawo da wadda sakaci ya jawo, kuma yara biyun nan ba su ne suka amsa kira ba, amana ce a hannun mahaifinsu.

Kafin su bar Najeriya

Abin da muke nanata wa masu shirin fita shi ne a yanke shawarar gudu tun sama tana garau, a rubuce. Ranar da iska ta fara, ƙwaƙwalwa ba ta aiki daidai. Ɗanki ya zauna da hukumar mishan su rubuta waye ke da ikon cewa a tashi, wane mataki na gargaɗi ne zai sa matar da yara su bar gari, ina za su, wa zai biya. A tambayi maganar inshorar lafiya, da kuɗin ko-ta-kwana wanda ya kai tallafin wata uku, ajiye daban. Kuɗin tallafi a naira ake tara shi, a can kuwa metikal ake kashewa, duk faɗuwar naira cikin tukunyarsu take faɗawa.

In da hali su isa tsakanin Mayu da Agusta. Hakan zai ba su watanni su koyi Fotugis, su fara jin Sena ko Ndau, su san maƙwabta. Sanarwar guguwa a rediyo da waɗannan harsuna take zuwa, wanda bai ji ba kuwa kurma ne a ranar da ji ya fi amfani. Fasfo, takardar izinin zama, katin rigakafin shawara, takardun haihuwa da na aure, a ɗauki hotonsu a ajiye a intanet, kwafi ɗaya kuma ya zauna a wurinki.

Gida

Zaɓen unguwa ya fi gyaran gida. Kafin ya biya haya ya tambayi tsofaffin unguwa, ba mai gidan ba, ina ruwa ya tsaya a 2019. Sau da yawa alamar tana nan a bango. In ta kai gwiwa a cikin ɗaki, ya nemi wani wuri ko da ya fi nisa da majami'a.

Sai rufi. Iska ba danna kwano take yi ba, tsotse shi take yi sama, ta fara daga kusurwa da baki. Idan ƙofa ko taga ta ɓalle a gefen da iska ke bugowa, iskar ta cika ɗakin ta tura rufin daga ƙasa, sai ya tashi gaba ɗaya. Don haka ana son ɗauri ya bi tun daga kwano har bango: kwano a jikin katako da sukuru mai wosha, ko ƙusar rufi mai murɗi, a kowane tudu na kwanon a baki da tsororuwa. Katako da katako a haɗa da ƙarfen ɗauri, ba ƙusa ɗaya a karkace ba. Rafta kuma a ɗaure ta da rodi ko waya mai kauri da aka binne cikin lintal. Inda aka fi samun matsala shi ne nan wajen haɗuwar rafta da bango, domin magina da yawa ɗora ta kawai suke yi su liƙe da siminti. Rufi mai gangare huɗu ya fi mai biyu jurewa. Bakin kwano kada ya zarce bango da fiye da rabin mita, rumfar ƙofar gida kuma a raba rufinta da na ɗaki, don in ta tashi kada ta ja babban. Katakon da gara ta ci a canza shi tun Oktoba.

Ɗabi'armu ta ɗora duwatsu da bulo a kan kwano kada ya kai ta can. A irin wannan iska dutsen makami ne. Buhun yashi da aka ɗaure da igiya ya fi. Liƙa salatif a gilashin taga ba ya hana shi fashewa, falankin katako da aka yanka daidai taga aka ɗaure daga waje shi ne magani. A sassabe rassan da suka rufa kan gida, kwakwa kuma a sauke 'ya'yanta.

Wata gaskiya mai ɗaci ga fasto: ginin majami'a sau da yawa shi ne mafi rauni a unguwa, saboda faɗin rufi da dogon bango ba ginshiƙi. Kada ya tara jama'a a ciki don kawai ɗakin Allah ne. In ba a gina shi don guguwa ba, ya kai su mafakar da hukuma ta ware.

Tanadin mako guda

Ruwa ne kan gaba. Na sha da girki a ƙalla lita 4 ga kowane mutum a rana. Su huɗu, kwana 7, lita 112 ke nan, wato jarka shida masu lita 20. In an haɗa da wanka da wanki ana lissafa lita 15 ga mutum, sai a ƙara duro biyu masu murfi. A cika su tun gargaɗin farko, domin famfo yana tsayawa da zarar wuta ta ɗauke, rijiya kuwa ruwan masai da na gishiri yakan shige ta. Duk ruwan da aka ɗebo bayan guguwa a tace da tsumma mai tsabta, a tafasa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa sinadarin kulorin. A can ana sayar da shi da sunan Certeza, a bi abin da aka rubuta a jikin kwalbar, a jira minti 30 kafin a sha.

Abinci wanda ba ya son wuta da yawa: garin kwaki, gyaɗa, sukari, biskit, kifin gwangwani, madarar gari, tare da gawayi da ashana a cikin leda. Tocila biyu da batir, rediyo mai batir, ƙaramar sola ta cajin waya, adda, guduma, ƙusa, igiya, tampol biyu. Kuɗi a hannu, ƙananan takardu, domin banki da tura kuɗi ta waya duk suna mutuwa tare da sabis. Takardu da Littafi Mai Tsarki da kayan yara cikin bokiti mai murfi, a rataye sama.

Saboda ƙaramar, maganin gudawa ya fi komai. A sayi ƙunshin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, da yawa. In ya ƙare, lita 1 ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kuskuren da aka fi yi shi ne yawan gishiri, kada ya fi hawaye ɗanɗano. Ana haɗawa da ƙwayar zinc, miligiram 20 a rana na kwana 10 zuwa 14 ga yaron da ya wuce wata shida. Gudawa mai kama da ruwan shinkafa, ko idon yaro ya faɗa, ko ya kasa sha, wannan na asibiti ne nan take, ana tafiya ana ba shi ruwan. In tana shan nono kada a yaye ta a cikin waɗannan watanni. Gidan sauro, abin gwajin zazzaɓi da maganinsa su kasance a gida, domin sauro yana ƙaruwa makonni bayan ambaliya. Adadin maganin yara likita ne zai rubuta shi bisa nauyinsu kafin su tashi, ba daga amsa irin wannan za a ɗauka ba.

Ranar da ta zo

Guguwar teku ba ta zuwa ba sallama, ana ganinta kwanaki kafin ta iso. Cibiyar hasashen yanayi ta Faransa da ke tsibirin Reunion ce ke bin sawunta a wannan yanki, hukumomin Mozambik kuma su sanar da jama'a mataki-mataki da launi: shuɗi, rawaya, sannan ja idan ta kusa. Shawarata ita ce matar da yara su tashi tun matakin farko idan hasashe ya nuna Beira, zuwa wuri mai tudu kamar Chimoio, tafiyar kilomita 200 ko kusa. Can ma iska da ruwa suna kaiwa, amma teku ba ya kaiwa. Wanda ya jira ja zai tarar ba mota, ba mai, hanya ta cika.

Shi fa? Na san abin da ke ransa, kada a ce makiyayi ya gudu ya bar tumaki. Ba a ce ya gudu ba. Aikinsa a waɗannan awoyi shi ne ya zaga da dattawan ikilisiya, su kwashe tsofaffi da masu ciki da guragu zuwa mafaka, shi ma ya shiga tare da su. Mutane da yawa suna ƙin tashi don tsoron ɓarayi ko don sun ga fasto bai tashi ba. Tashinsa wa'azi ne.

In a gida ta same su, a kashe wuta daga mita, a rufe tukunyar gas, a shiga ƙaramin ɗaki mai ƙarancin taga, katifa a kusa don rufe kai. Akwai tarko ɗaya da ya kashe mutane da yawa: idan tsakiyar guguwar ta bi ta kan gari, iska takan tsaya cak, har sama ta buɗe, na mintoci ko awa guda. Ba ƙarewa ba ce. Za ta dawo daga ɗaya gefen da ƙarfinta, ta sami wanda ya hau gyaran kwano. Ba a fita sai rediyo ta ce. Bayan nan, ruwa mai gudu da ya wuce idon sawu yana kayar da babba, wanda ya kai gwiwa yana tafiya da mota. A yi nesa da wayar wuta da ta faɗi, a kula da macizai, janareta kuma a waje, nesa da taga, domin hayaƙinsa yana kisa ba wari.

Duk wannan yana rage haɗari ne, bai kawar da shi ba. Akwai guguwar da gidan da aka ɗaure da kyau ma ba ya tsaya mata, kuma fastocin ƙasar da suka ga Idai da idonsu sun fi duk wani mai ba da shawara daga nesa sanin unguwarsu. Ya zama ɗalibinsu.

Bayan ta wuce

Nan ne bangaskiya take shan gwaji na ainihi. Za a zo masa da gawa, a tambaye shi me ya sa. Wasu za su ce hukunci ne a kan masu zunubi. Ya tuna da Luka 13, inda Yesu ya yi maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Kada ya yi gaggawar fassara nufin Allah a kan kabarin ɗan wani. Ya zauna da su, ya yi kuka da su, Zabura cike take da kukan da Allah bai tsawata wa masu yinsa ba.

In taimako ya biyo ta hannunsa, ya raba wa kowa, Kirista da Musulmi da mai bin gargajiya, ba tare da sharaɗin zuwa sujada ba. Buhun masara da aka sayi baftisma da shi ba ya haifar da ikilisiya. Kuɗi kuma kada ya riƙe shi kaɗai, mutum biyu ko uku na ƙasar su sa hannu a rubuta, kamar yadda Bulus ya yi da gudummawar Urushalima don kada a sami abin zargi. Shi da matarsa su ma za su gaji. Yaro yana iya komawa fitsarin kwance ko ya firgita da ƙarar ruwa a kwano, wannan ba aljani ba ne, tsoro ne, yana bukatar haƙuri da runguma. Hukumar mishan ta ba su hutun makonni bayan aikin gaggawa ya lafa.

Naki aikin, Mama

Ki sa a ranki tun yanzu cewa in guguwa ta sauka, za ki iya yin kwana uku ko mako ba ki ji muryarsu ba. Turakun sabis ne suka faɗi, shiru ba labarin mutuwa ba ne. Ku shirya mutum ɗaya a hukumar mishan da wani fasto a wani gari na Mozambik waɗanda za a bi ta kansu, saƙon tes kuma yakan wuce inda kira ya kasa. Agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya. Hotunan Facebook da WhatsApp kada su tsinka miki zuciya, da yawa na tsohuwar guguwa ne ake sake yaɗawa. Duk wanda ya kira da baƙuwar lamba ya ce ɗanki yana asibiti a turo kuɗi, kada a tura sai an tabbatar ta hukumar, ku ma ajiye wata tambaya ta cikin gida wadda ɗan damfara ba zai iya amsawa ba.

Ki kai maganar gaban Zumuntar Mata da dattawa, a sa iyalin cikin addu'a da suna daga Nuwamba zuwa Afrilu. In za a yi musu baiko na musamman, a yi shi bayan girbi ya isa hannunsu kafin Nuwamba ta raba, lokacin da kuɗin zai sayi sukuru da jarka da falanki a farashinsu na kullum, domin bayan guguwa kwano ɗaya sai ya ninka kuɗi, in ma an same shi.